Jerin Asalin Kakanni a Littafi Mai Tsarki: Amincinsa da Iyakarsa

A shekarata ta biyu a bakin aikin bishara, tun ban shiga makarantar tauhidi ba, wani saurayi ɗan sakandare daga ƙungiyar matasa ya same ni bayan sujada da takarda a hannunsa. Abokin karatunsa ne ya rubuta masa tambaya biyu. Ta fari: wane ne mahaifin Yusufu mijin Maryamu, Yakubu ne kamar yadda yake a Matiyu 1:16, ko Heli kamar yadda yake a Luka 3:23? Ta biyu: ina sarakuna ukun da ke tsakanin Yoram da Azariya suka shiga a Matiyu 1:8? Ya ce, "Malam, me zan gaya masa?" Amsar ba ta bakina, na kuma ji kunyar faɗa masa haka. Sai na ce ba a yi wa Maganar Allah gardama, ya je ya yi addu'a. Ya naɗe takardarsa ya tafi. Har na bar garin bai sake kawo mini wata tambaya ba.

Wannan darasi shi ne amsar da ya kamata in ba shi. A taƙaice, jerin asalin kakanni da ke cikin Littafi Mai Tsarki abin dogara ne a kan abin da aka rubuta shi dominsa, amma marubutan ba su yi nufin kawo kowane suna ba. Tarihin ikkilisiya ya nuna cewa duk lokacin da aka manta da ɗaya daga cikin waɗannan gaskiya biyu, masu bi ne suke shan wahala.

Aikin jerin asali a Isra'ila

Ga Ba'isra'ile, jerin asali takardar shaida ce, abubuwa uku kuma sun rataya a kanta. Na fari gādon ƙasa. An raba Kan'ana bisa ga kabilu da iyalai, har ma da 'ya'yan Zelofehad mata suka gāji rabon mahaifinsu, aka umarce su su yi aure cikin kabilarsu don kada gādon ya koma hannun wata kabila (Littafin Ƙidaya 36). Na biyu aikin firist, wanda ba a ba kowa sai zuriyar Haruna. Na uku sarauta, wadda Allah ya yi wa gidan Dawuda alkawarinta (2 Sama'ila 7).

Ezra 2:61-63 ya nuna nauyin abin. Bayan da Sairus sarkin Farisa ya ba Yahudawa izinin komawa daga Babila a shekara ta 538 kafin haihuwar Almasihu (K.H.), iyalai uku na firistoci, wato zuriyar Habaya da Hakkoz da Barzillai, suka nemi sunayensu a rubuce ba su samu ba. Aka dakatar da su daga aiki, aka hana su cin abinci mafi tsarki. Al'ummar da za ta raba mutum da aikinsa da abincinsa saboda sunansa ba ya cikin takarda, ba za ta yi wasa da takardar ba. Shi ya sa 1 Tarihi ya buɗe da sura tara na sunaye. Yosefus ma, marubucin tarihin Yahudawa da aka haifa a shekara ta 37 bayan haihuwar Almasihu (B.H.), wanda shi kansa ɗan gidan firistoci ne, ya ce ya kwafo asalinsa daga takardun jama'a. Ya kuma ce firistocin da ke zaune a Masar da Babila sukan aika da asalin matan da suka aura zuwa Urushalima.

Mu lura da tambayar da irin wannan takarda take amsawa: wannan mutum na wane gida ne, me ya cancanci ya gāda? Yawan mutanen da suka wuce tsakaninsa da kakansa na fari wata tambaya ce dabam.

Inda Littafi Mai Tsarki da kansa ya nuna an tsallake sunaye

A Ibrananci, kalmar *ben* tana nufin ɗa, tana kuma nufin jika ko wani daga zuriya mai nisa. Haka kalmar *yalad*, wato haihuwa, takan haɗa kaka da jikansa. Ba sai mun fita waje neman hujja ba, gwada nassi da nassi ya isa.

Ezra 5:1 ya kira annabi Zakariya ɗan Iddo, amma Zakariya 1:1 ya nuna Berikiya ne mahaifinsa, Iddo kakansa ne. 1 Sarakuna 19:16 ya kira Yehu ɗan Nimshi, 2 Sarakuna 9:2 kuwa ya sa Yehoshafat a tsakaninsu. A 1 Tarihi 26:24 an kira Shebuwel, ma'ajin zamanin Dawuda, ɗan Gershom ɗan Musa, alhali ɗaruruwan shekaru ne tsakanin Musa da Dawuda.

Dubi asalin Ezra kansa. Idan ka ajiye Ezra 7:1-5 kusa da 1 Tarihi 6:3-14, za ka ga sunaye shida da ke tsakanin Merayot da Azariya na baya babu su a Ezra: Amariya, Ahitub, Zadok, Ahimawaz, Azariya da Yohenan. An kuma kira Ezra ɗan Seraiya, babban firist da Nebukadnezzar ya kashe a Ribla sa'ad da Urushalima ta faɗi wajen 586 K.H., alhali Ezra ya zo Urushalima a shekara ta bakwai ta Artashate, wadda yawancin masana suka ɗauka 458 K.H. ce. Kusan shekara 130 ke nan. Abin da jerin yake tabbatarwa shi ne Ezra daga gidan Haruna yake, ta layin manyan firistoci.

Fitowa 6:16-20 ya ba da tsara huɗu kawai: Lawi, Kohat, Amram, Musa. Amma Fitowa 12:40 ya ba da shekara 430, Littafin Ƙidaya 3:27-28 kuma ya ce a zamanin Musa maza daga zuriyar Kohat sun kai 8,600. Kakan mutum na kusa ba zai tara maza 8,600 tun jikan yana da rai ba. Joshuwa, wanda ya yi zamani da Musa, an ba shi wajen tsara goma daga Ifraimu a 1 Tarihi 7:20-27.

Yanzu mu koma ga tambaya ta biyu ta saurayin nan. 1 Tarihi 3:11-12 ya nuna cewa tsakanin Yoram da Azariya, wanda ake kira Uzziya, akwai Ahaziya da Yowash da Amaziya. Matiyu ya tsallake su, ya kuma tsallake Yehoyakim a aya ta 11. Bai yi haka a ɓoye ba. A aya ta 17 ya faɗi tsarinsa: kashi uku, kowanne tsara goma sha huɗu. A Ibrananci haruffa sukan tsaya a madadin lambobi, haruffa ukun sunan Dawuda kuwa 4 da 6 da 4 ne, jimla 14, masana da yawa kuma suna ganin abin da Matiyu yake nunawa ke nan. Jerom, wanda ya rasu a 420 B.H., ya ƙara wani dalili: sarakunan uku sun fito ne ta Ataliya, 'yar gidan Ahab, gidan da Allah ya hukunta. Ko wanne dalili muka ɗauka, Bayahuden da ke karanta Matiyu ya san sarakunan Yahuza kamar yadda ɗan birni ya san sarakunan garinsu, ba wanda za a ruɗa. Ayar farko ma ta kira Yesu ɗan Dawuda, ta kira Dawuda ɗan Ibrahim, kowane mataki kuwa ya tsallake kimanin shekara dubu.

Abin da ba baƙo ba ne a gare mu

Mu a ƙasar nan bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ɗan Ibrahim ne, jikan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Raba, tattaɓa-kunnen Muhammadu Bello. Sunan Bello da aka san shi da shi na kakan mahaifinsa ne, wanda kuma ya kira shi jikan Shehu bai yi ƙarya ba, ko da yake mutum uku ne a tsakaninsu. Maroƙi a fada yakan ambaci wanda ya kafa gida da manyan da suka yi suna, ya sauko kan mai rai, ba a kuwa ce ya ɓata tarihi.

Masana Littafi Mai Tsarki ma sun koyi wani abu daga ƙasarmu. A 1952 Laura Bohannan ta wallafa bincikenta a kan yadda Tibi na Binuwai suke amfani da jerin asali wajen shari'ar ƙasa da aure da zumunci. A 1977 Robert Wilson na jami'ar Yale ya gwada binciken irin wannan daga Afirka da jerin asali na tsohuwar Mesofotamiya da na Isra'ila. Ya nuna cewa sunan wanda ya kafa gida da na mutanen kusa su suka fi tsayawa, na tsakiya kuwa su ake yawan tsallakewa. Hurarriyar Maganar Allah ba daidai take da tarihin baka ba, amma Allah ya yi magana ta hanyar rubutun da mutanen zamanin suka saba da shi.

Yadda ikkilisiya ta yi fama da Matiyu da Luka

Tambayar farko ta fi wuya. Daga Ibrahim zuwa Dawuda jerin biyu kusan ɗaya ne. Daga nan suka rabu: Matiyu ya bi ta Sulemanu, Luka ya bi ta Natan, wani ɗan Dawuda. Suka haɗu a kan Sheyaltiyel da Zarubabel, suka sake rabuwa har zuwa Yusufu. Bayan Dawuda, Matiyu yana da suna 27 har da Yesu, Luka yana da 42. Tsakanin Zarubabel da Yusufu, wajen shekara 500, Matiyu ya kawo mutum 9, Luka ya kawo 18.

Ikkilisiya ta ga wannan tun da wuri, ta kuma gwada hanyoyi uku. Ta fari ita ce a kawar da matsalar. Wajen 170 B.H. Tatiyan ya haɗa bisharu huɗu cikin littafi ɗaya, wanda aka daɗe ana karantawa a ikkilisiyoyin Suriya. Tiyodoret, bishop na Sirus a ƙarni na biyar, ya ce Tatiyan ya cire jerin asalin duka biyu. Ya ce ya tarar da kofi fiye da 200 na littafin a ikkilisiyoyinsa, ya kwashe su ya sa bisharu huɗu a madadinsu.

Hanya ta biyu ita ce a gyara nassin. Wani tsohon kundi na Helenanci da Latinanci da ake kira kundin Beza, wanda aka rubuta wajen 400 B.H., yana kuma Kambirij a Ingila yanzu, ya cire sunayen Luka daga Yusufu zuwa Dawuda ya sa na Matiyu, har ya mayar da sarakunan da Matiyu ya tsallake. Amma sauran masu kwafe ba su bi shi ba. Ɗaruruwan shekaru suna kwafe jerin biyu yadda suka same su, suna sane da bambancin. Wannan babbar shaida ce ga amincin nassin da ya iso mu, musamman a wuraren da ake cewa Kirista sun canza littafinsu. Wanda yake da halin canzawa, da nan zai fara.

Hanya ta uku ita ce a yi bayani. A farkon rabin ƙarni na uku, Yuliyus Afirkanus ya rubuta wa wani mai suna Aristidis wasiƙa, wadda Yusibiyus ya adana mana sashenta cikin tarihin ikkilisiya da ya rubuta. A lokacin waɗansu suna cewa an shirya sunayen ne kawai don a nuna Almasihu firist ne kuma sarki. Afirkanus ya ƙi wannan sarai, a kan cewa ba a yabon Almasihu da ƙarya. Bayaninsa ya dogara ga dokar auren matar ɗan'uwa da ya mutu ba ɗa (Maimaitawar Shari'a 25:5-10). Ya ce Yakubu da Heli uwarsu ɗaya, uba dabam, ɗaya daga gidan Sulemanu, ɗaya daga gidan Natan. Heli ya mutu ba ɗa, Yakubu ya auri matarsa ya haifi Yusufu. Saboda haka Yusufu ɗan Yakubu ne ta haihuwa, ɗan Heli ne ta shari'a. Ya ce labarin ya fito daga dangin Ubangiji na Nazarat da Kokaba. Duk da haka bai ɓoye cewa shaidar ba ta kai yadda yake so ba. Ya miƙa bayanin a matsayin mafi kyau da ya samu, ya tsaya a kan cewa bishara gaskiya ce ko ta yaya.

Wannan bayani ya yi rinjaye fiye da shekara dubu. Daga wajen 1500 wani ya bazu, cewa Luka asalin Maryamu ya bayar, Heli kuma surukin Yusufu ne. Masu wannan ra'ayi suna jingina ga yadda Luka 3:23 ya nuna cewa a zaton mutane ne Yesu yake ɗan Yusufu. Rauninsa shi ne Luka bai ambaci Maryamu a jerin ba, a 1:27 da 2:4 kuma Yusufu ya danganta da gidan Dawuda. Akwai bayani na uku, wanda Arthur Hervey ya kāre a 1853, Gresham Machen kuma a 1930: Matiyu jerin magāda gadon sarauta ya bayar, Luka kuwa jerin haihuwa. Idan layin sarki ya yanke, gādon yakan koma ga ɗan'uwa mafi kusa. Wannan yana taimakawa wajen fahimtar abin da ya sa Sheyaltiyel ɗan Yekoniya ne a Matiyu amma ɗan Neri a Luka, idan aka tuna da hukuncin da Irmiya 22:30 ya yanke a kan zuriyar Yekoniya.

Nassi bai zaɓa mana ɗaya daga cikin ukun ba, don haka kada mu yi wa'azin ɗaya kamar aya ce. Abin da jerin biyu suka haɗu a kai shi ne abin da aka rubuta su dominsa: Yesu na gidan Dawuda ne, na kabilar Yahuza, na zuriyar Ibrahim, Yusufu kuma bai haife shi ba. Bulus ya faɗi zamansa zuriyar Dawuda a Romawa 1:3 wajen 57 B.H. Hegesifus, marubucin ƙarni na biyu, ya ba da labarin cewa an kai jikokin Yahuza ɗan'uwan Ubangiji gaban Kaisar Domitiyan, wanda ya yi mulki daga 81 zuwa 96, don an ce zuriyar Dawuda ne. Suka amsa haka ne, suka nuna masa kantar noma a hannuwansu, ya raina su ya sallame su.

Farawa 5 da 11 da lissafin shekarun duniya

Wurin da aka fi ɗora wa jerin asali kayan da ba nasa ba shi ne Farawa 5 da 11. Da yake an faɗi shekarun kowane uba sa'ad da ya haihu, tun dā mutane suke tara lambobin don su san ranar halitta. Afirkanus ya sami shekara 5,500 daga Adamu zuwa Almasihu. Bede na Ingila, a ƙarni na takwas, ya sami 3952 K.H. Kalandar Yahudawa tana farawa daga 3761 K.H. James Ussher, babban bishop na Armagh a Ailan, ya wallafa nasa lissafin a 1650, ya sa halitta a watan Oktoba na 4004 K.H.

Me ya kawo wannan bambanci tsakanin mutanen da duk suke girmama Littafi? Babban dalili shi ne lambobin sun iso mu ta hanya uku. Nassin Ibrananci, wanda fassarorinmu suka bi, ya ba da shekara 1,656 daga Adamu zuwa Ruwan Tsufana. Attaurar Samariyawa ta ba da 1,307. Fassarar Saba'in, wato tsohuwar fassarar Helenanci da ikkilisiyar farko ta yi amfani da ita, ta ba da 2,242. A Ibrananci Adamu yana da shekara 130 sa'ad da ya haifi Shitu, a Helenanci 230. Agustin ya lura cewa bisa ga lambobin kofin da ke hannunsa, Metusela zai wuce Ruwan Tsufana da shekara 14 alhali bai shiga jirgi ba. Ya kammala cewa kuskuren masu kwafe ne, a bi Ibrananci. Har wa yau Luka 3:36 ya sa Kenan tsakanin Arfakshad da Shela, kamar yadda yake a Fassarar Saba'in, amma babu shi a Farawa 11 na Ibrananci.

Ko cikin nassin Ibrananci kaɗai, tarawa ba ta tafiya sumul. Farawa 11:26 ya haɗa haihuwar Abram da Nahor da Haran da shekara 70 na Tera. Amma Tera ya mutu yana da 205, Abram ya bar Haran yana da 75, Ayyukan Manzanni 7:4 kuma ya nuna bayan mutuwar mahaifinsa ne ya tashi. Ke nan Tera yana da 130 aka haifi Abram. An sa sunansa a gaba saboda matsayinsa cikin alkawari. Wanda ya tara lambobin kai tsaye zai yi kuskuren shekara 60 a aya ɗaya.

Daga 1701 aka fara buga shekarun Ussher a gefen shafin Littafi Mai Tsarki na Turanci, mutane da yawa suka ɗauka su ma nassi ne. A ƙarni na 19, da aka iya karanta rubuce-rubucen Masar da Mesofotamiya, sai rikici ya tashi. Ussher ya sa Ruwan Tsufana wajen 2349 K.H., masana tarihin Masar kuwa suna sa babban dalar Giza wajen 2560 K.H., ba kuma alamar yankewar mulki a tsakani. Waɗansu suka ce Littafi ya faɗi. A 1890 William Henry Green, malamin Tsohon Alkawari a makarantar tauhidi ta Princeton a Amurka, mutumin da ya kashe rayuwarsa yana kāre amincin littattafan Musa, ya amsa da irin misalan da muka gani a sama. Ya ƙara da cewa babu inda Nassi ya tara shekarun Farawa 5 da 11 ya ba da jimla, alhali ya ba da jimla a Fitowa 12:40 da 1 Sarakuna 6:1. Ya kuma lura da tsarin jerin biyu, kowanne wajen suna goma, kowanne yana ƙarewa da uba mai 'ya'ya uku, abin da ya yi kama da tsarin Matiyu. Benjamin Warfield ya goyi bayansa a 1911.

Adalci ne mu faɗi cewa akwai masu bi na ƙwarai da ba su yarda da Green ba. Hujjarsu ita ce Farawa 5 da 11 sun bambanta da sauran, domin sun faɗi shekarun haihuwa, ko da an tsallake suna lissafin zai tsaya. Wannan hujja tana da nauyi, ɗalibi ya auna ta. Amma ko mai wannan ra'ayi dole ya zaɓi ɗaya daga hanyoyin lambobi uku, ya kuma yanke shawara a kan Kenan da Tera. Shekarar da zai samu tasa ce. Wannan ya shafe mu kai tsaye. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da kwalekwale wanda gwaji ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000. 'Ya'yanmu suna karanta wannan a makaranta. Idan mun koya musu cewa 4004 Maganar Allah ce, mun sa su zaɓi tsakanin Allah da malaminsu a kan lambar da Allah bai faɗa ba.

Shaida daga waje

A inda ake iya gwada sunayen da rubutun waɗansu al'ummai, sun tsaya. Dutsen da aka tono a Tel Dan a 1993, rubutun wani sarkin Suriya na ƙarni na tara K.H., ya ambaci gidan Dawuda. Tiglat-filesar na uku ya ambaci Ahaz. Sennakerib ya ambaci Hezekiya cikin labarin yaƙinsa na 701 K.H. Esar-haddon ya ambaci Manassa. Allunan rabon abinci na fadar Babila, waɗanda aka wallafa a 1939, sun nuna ana ba Yekoniya sarkin Yahuza da 'ya'yansa biyar mai, abin da ya dace da 2 Sarakuna 25:27-30. A 2015 aka sanar da samun tambarin hatimi a Urushalima mai sunan Hezekiya ɗan Ahaz sarkin Yahuza. Sarakunan sun bayyana a zamanin da Littafi ya sa su, bi da bi yadda ya jera su. Baƙin dutsen Shalmanesar na uku kuma ya kira Yehu ɗan Omri, alhali Yehu ne ya hallaka gidan Omri. A wurin Assuriyawa ma kalmar ɗa tana iya nufin wanda ya gāji mulkin gida.

Irin wannan shaida ta tsaya ga sarakuna da manyan mutane, don su ake rubutawa a dutse. Amincewarmu da sauran sunayen tana kan amincin Allah wanda ya hure Nassi, da kuma halin al'ummar da muka ga yadda take tsare asalinta.

Ga mai hidima

Na fari, kada ka musanta abin da kowa zai iya gani. Idan an tambaye ka game da sarakuna ukun, buɗe 1 Tarihi 3 da hannunka ka nuna su, sa'an nan ka nuna Matiyu 1:17. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ko da don kāre gaskiya aka haƙa shi.

Na biyu, ka raba tsakanin nassi da bayani. Cewa Yesu ɗan Dawuda ne, nassi ne. Cewa Heli mahaifin Maryamu ne, bayani ne. Shekara ta 4004 lissafi ne. Ka gaya wa jama'a wanne ne wanne.

Na uku, ka yi wa'azi daga waɗannan surori, kada ka tsallake su. Matiyu, wanda ya bar sarakuna huɗu, ya sami wuri domin Tamar da Rahab da Rut da matar Uriya kafin Maryamu. Rahab Bakan'aniya ce, Rut mutuniyar Mowab, Uriya Bahitte. Abin da marubuci ya zaɓa ya sa yana nuna abin da yake so mu gani. Luka kuwa ya kai jerin har Adamu, don a san Mai Ceto na dukan 'yan Adam ne.

Na huɗu, ka tuna da gargaɗin 1 Timoti 1:4 da Titus 3:9 a kan gardamar asali marar amfani. A ikkilisiyoyinmu har yanzu akan tambayi kabilar mutum, ko ɗan ƙasa ne ko baƙo, kafin a zaɓe shi dattijo ko a karɓe shi fasto. Bayan Yesu, Sabon Alkawari bai sake kawo jerin asalin kowa ba. Galatiyawa 3:29 ya mai da duk wanda yake na Almasihu zuriyar Ibrahim, magājin alkawari. Firistocin zamanin Ezra sun rasa aikinsu don ba a ga sunansu a takarda ba. Mu kada mu hana wani aikin Ubangiji saboda takardar da Ubangiji bai nema ba.

Saurayin nan da ya zo mini da takarda ba gardama ya zo yi ba, taimako ya zo nema. Irinsa suna nan a kowace ikkilisiya da za a tura ku. In sun zo, ku zaunar da su, ku buɗe Littafin tare.

Tambayoyi don nazari

1. Gwada Ezra 7:1-5 da 1 Tarihi 6:3-14. Rubuta sunayen da aka tsallake, ka faɗi abin da jerin Ezra yake so ya tabbatar.
2. Cikin bayanai uku a kan mahaifin Yusufu, wanne ka fi gamsuwa da shi? Faɗi ƙarfinsa da rauninsa.
3. Wani ɗan makaranta ya tambaye ka shekarun duniya. Shirya amsar da ba za ta wuce minti biyar ba, wadda ta raba nassi da lissafin mutane.